Allura Kafin Abinci

Ana kawo abinci a falon iyayen saurayinta, yarinyar ta buɗe jaka ta auna suganta, ta ciro allurar ciwon suga.

Mahaifiyarsa ta kawar da kai. "Yarinya, shiga ɗaki ki yi. Ni fa ba na son ɗana ya ƙare a jinya."

Yarinyar ba ta tashi ba. "Mama, tun ina ƙarama nake yi wa kaina allurar nan. Miji nake nema, ba mai jinya ba. Kuma na daina ɓuya."

Ta dubi saurayin. Ya ajiye cokali, ya miƙa mata auduga.

"Yi a nan," in ji shi. "Mama, ba zan ci ba sai ta gama."