Jar Motar Malam Yahuza

Wata guda bayan ya rabu da farar akwalarsa, Malam Yahuza ya shigo Kiyawa da jar mota yana danna hon.

"Ikilima, fito ki ga mota!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Daga Dutse. Inji, birki, taya, duk na duba. Ni ba a cuta ta a mota."

Ya ja ƙofar baya, ta ƙi buɗuwa.

Ikilima ta ɗaga ƙofar sama, ta buge ta da gwiwa yadda ta saba. Nan take ta buɗe. Ta zura hannu ƙarƙashin kujera, ta zaro ɗan kunnenta da ya ɓata tun bara.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ce. "Jan fentin ma ya yi mata kyau."