Kwamfutar Alhaji Ta Mutu Sau Biyar

Karo na biyar ke nan Shamsu yana kunna kwamfutar surukinsa, Alhaji Idrisa. Fanka na juyawa, ekran kuwa, wato fuskar kwamfutar, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Shi ne fa ya cika gari da cewa ba injin da ya gagare shi. Don wannan aikin ma ya ci ado, ya ƙwama sabon baƙin gilashin da ya sayo a kasuwar Ɗan Barto, mai kashe ƙyallin rana. Alhaji da abokansa sun zauna bayansa a rumfar ƙofar gida, suna jiran hotunan aikin hajji.

Ya cire batir, ya mayar. Ya canza sharja. Ya hure ta, har ya ɗan mare ta a gefe. Duk kunnawa sai tsofaffin su ce, "Masha Allah!" Shi kuma ya kashe, a ransa yana cewa ba'a suke masa.

"Baba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "sai haƙuri. Ta mutu. An cuce ku."

Gumi ya shiga masa ido. Ya zare gilashin zai goge.

Ekran tar! Ga Alhaji cikin harami yana murmushi.

"Tun... tun yaushe?"

"Tun kunnawar farko," in ji Alhaji, yana kallon ƙasa. "Kunyar suruki ta hana mu magana, muka ce ƙila haka gyaran yake. Amma sau biyar muna isa Makka, kana maido mu Matameye."