Yarinyar da Ke Jifan Malama da Tsakuwa

Ke da aka ba ki aji ɗaya a bana, kafin ki yanko tsumagiya, zauna ki ji wannan.

An yi wata malamar firamare a wani ƙaramin gari, shekararta goma sha biyu tana koyarwa, har tana ganin babu irin yaron da bai ratsa ta hannunta ba. Sai Allah ya haɗa ta da wata 'yar shekara shida, siririya kamar sillen kara, wadda ta hana ajin sakat. In tana son aron fensir ba ta buɗe baki, sai ta daka wa na kusa da ita duka a kafaɗa. In bai juyo ba, ta kamo haɓarsa ta juyo da fuskarsa da ƙarfin tsiya. In ana yi mata faɗa kuwa, maimakon ta sunkuyar da kai yadda 'ya'yan mutunci ke yi, sai ta kafe malama da ido ko ƙiftawa babu. Abin da ya fi ci wa malama rai shi ne jifa. Da zarar ta juya baya tana rubutu a allo, sai ta ji tsakuwa ta taɓa mata gefen zane. An yi tsumagiya, an yi kamun kunne, an sa ta durƙuso a rana, duk a banza. Ranar da tsakuwar ta kuskure ta sami malama a ƙeya, hedimasta ya ce tura ta kai bango: in uwarta ba ta zo ba zuwa Juma'a, a soke sunanta daga rajista. Sau uku ana aiken yarinyar ta kira uwar, ba wanda ya leƙo.

Ranar Alhamis da aka tashi, malama ta ɗauki mayafinta ta nufi gidan da kanta, tana tafe tana shirya baƙaƙen maganganun da za ta zazzage. Ta yi sallama sau uku a zaure, shiru, ga shi kuwa tana jin ƙarar daka a ciki. Ranta ya ƙara ɓaci, ta ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta kutsa kai. Wata mata ce a tsakar gida ta ba ƙofa baya, tana ta kirɓa gero a turmi. Yarinyar na zaune a gindin bango da ƙaninta a cinya. Da ta ga baƙuwa sai ta laluba ƙasa ta ɗauki 'yar tsakuwa ta cilla a hankali, ta taɓa gefen zanen uwar. Matar ta juyo da fara'a, ta kafe 'yarta da ido. Yarinyar ta ɗaga hannuwa ta shiga kaɗa yatsu, ta nuna baƙuwar, ta yi alamar rubutu a tafin hannu. Nan take matar ta ajiye taɓarya ta ruga ta shimfiɗa tabarma. Ashe kurma ce, tun haihuwarta ba ta taɓa jin sautin komai ba, mijinta kuwa yana can ci-rani.

Malama ta zauna tana kallon ikon Allah. Jaririn ya yi kuka, yarinyar ta daki kafaɗar uwar ta nuna shi. Ladan ya kira la'asar, ta kamo haɓar uwar ta juyo da fuskarta, sannan ta ɗora hannuwa biyu a kunnuwanta, matar ta gyaɗa kai ta jawo buta kusa. Duk abin da ake dukanta a kansa a makaranta, a gidan nan shi ne sallama, shi ne kira, shi ne ladabi. Matar ta nuna kunnenta, ta dafa kan 'yar, ta buga ƙirji. Yarinyar ta fassara cewa wai ita ce kunnenta. Sai kuma uwar ta tambayi abin da ke tafe da malama. Babu mai isar da ƙarar sai wadda aka zo ƙara. 'Yar ta ɗaga hannuwanta a shirye, ta dubi malama ido cikin ido ta ce, "Malama, faɗi duka. Ba na rage mata magana." Da malama ta tambaye ta dalilin da ya hana ta kawo uwar makaranta, ta ce tsoro take ji kada yara su kwaikwayi uwarta.

Malama ta watsar da maganganun da ta shiryo tun daga hanya. Ta ce, "Gaya mata na zo gaishe ta ne, kuma 'yarta na da ƙoƙari."

Washegari tun kafin a kaɗa ƙararrawa ta shiga ofishin hedimasta ta roƙi a bar sunan, ta ce in akwai mai laifi to ita ce. Ta dawo da yarinyar bencin gaba, ta koya mata cewa a nan kunnuwa a buɗe suke, in ta ce "Malama" sau ɗaya za a juyo. Ranar da yarinyar ta fara gwadawa, ta kira a hankali, malama ta waiwayo daga allo, sai yarinyar ta yi sororo tana mamakin cewa murya kawai ta isa. Ba a sake ganin jifa a ajin ba. Malama kuwa har ta bar aiki, in ta tuna ta yi wata biyu tana zane yarinya saboda ta yi mata sallama, sai kunya ta rufe ta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.