Madarar da Ba Ta Tsami

Tun da aka hana fita kiwo, shanu ba sa cin komai sai ciyawar da aka danne a rami, aka barbaɗa mata farar hodar hukuma. Suka yi ɓul-ɓul. Amma yau kwana tara da Tabawa ta ajiye madara a ƙwarya don ta zama kindirmo, ba ta yi tsami ba, ko ƙuda bai sauka a kanta ba.

Ga shi tana shirin yaye ɗanta, ya koma shan madarar shanu. Shi ya sa ta haƙa wani rami a bayan ɗaki, ciyawa da kanwa kawai, na saniya ɗaya.

Da hantsi Malam Tanimu, mai duba ramuka, ya gano shi.

"Baiwar Allah, wannan ai ƙauyanci ne. Hodar nan lafiya ce zalla. Ko ki barbaɗa yanzu, ko in kora saniyar."

Tabawa ta gyara goyo, ta miƙa masa ƙwaryar madarar nan. "To ranka ya daɗe, kurɓi lafiyar tukuna, sai in barbaɗa."

Ya ja da baya. "Azumi nake yi."

Ta dubi goron da ke kumatunsa, ta ja dogon tsaki, ta tsaya ƙyam a bakin raminta.