Lambar da ke Ƙarƙashin Fiffike

Nyokabi ta danna kyamara sau uku kafin tayoyin wani tsohon jirgin sama su taɓa ciyawar filin da ke bayan Naivasha. Ɗan ƙarami ne mai kujera biyu, ruwan ɗorawa, irin waɗanda take bi fili-fili tana ɗauka duk Asabar.

Ta ƙara girman hoton. Lambar da ke ƙarƙashin fiffiken ta jirgin babanta ce. Tana 'yar shekara shida mamarta ta zaunar da ita, ta ce jirgin ya faɗi a daji da shi a ciki, ko gawa ba a samu ba. Washegari suka koma Mombasa.

Ta tsallake igiyar da ta kewaye filin a guje, mai gadi yana ƙwala mata kira. Wani dattijo ya sauko yana cire hula, ga tabon nan na babanta a goshinsa.

"Baba?" Ta tsaya a gabansa. "Shekara ashirin da biyu ina kunna maka kyandir a coci, ashe kana nan kana shan iska! Ko sau ɗaya ba ka neme ni ba?"

Dattijon ya dafa jikin jirgin.

"Nyokabi? Kyandir kuma?" Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa. "'Yata, duk Kirsimeti sai na kira gidanku. Mamarki ce ke ɗauka, ta ce kin rantse ba za ki ƙara kallon fuskata ba. Ko watan jiya mun yi magana da ita."