Ƙeyar Baba

Ranar da ya ajiye aikin katafaren kamfanin wasannin bidiyon nan na ƙasar waje, wanda yake yi daga ɗakinsa a Dutse Uku, abokinsa ya faɗo masa.

"Oga, kanka ɗaya kuwa? Kowa can yake mafarki, kai za ka koma ɗan ƙaramin kamfanin unguwar Kabong?"

"Su ƙarfe biyar suke tashi," ya ce, yana murza ido.

Ya shekara da shekaru yana ƙera jaruman da mai wasa ba ya ganin komai nasu sai baya. Ya miƙa wa abokin zanen da 'yarsa ta yi a makaranta. Ga uwa tana dariya. Ga uba a kujera gaban kwamfuta, ƙeya zalla.

"Malamarsu ta ce ta sa mini fuska. Yarinyar ta ce ai haka Babanta yake."