Tashar da Ba Benci

Matar ta buɗe 'yar kujerar da ta zo da ita daga gida, ta zauna abinta. Sabuwar tashar bas ce a tsakiyar gari, ga gilashi ga fitilu, amma ko benci ɗaya babu.

Tsohon da ke gefenta ya dafa bango. "Don Allah ki ɗan ara mini, gwiwoyina sun gaza."

Ta yi tsaki, ta gyara zama.

"Haba, Inna!" in ji wani a layi. "Ba kya tausayin dattijo?"

Ta taɓe baki. "Mijina ne. Shi ya zana tashar nan, ya ce benci 'yan zaman banza yake tarawa. Tsaya, Injiniya, ka ji daɗin aikinka."